Marin ɗan kabu-kabu: doka ce ko al'ada?

Sanusi Mai Shago: Assalamu alaikum 'yan fada. Akwai abin da na gani jiya, har yanzu yana cin raina. Da la'asar sakaliya ina zaune bakin shago a nan Maradi sai ga wani yaro ɗan kabu-kabu, bai wuce shekara 19 ba, ya ɗauko wata tsohuwa da rabin buhun gero. Jami'in da ke tsaye a mahadar ya busa mishi usur, ya tsaya. Ba kaske, wato hular kwano, takardun moto kuma ya ce suna hannun mai moton. Har nan ban ga laifin jami'i ba. Sai yaron ya ce, "Don Allah bari in sauke Inna in dawo." Bai rufe baki ba na ji tas! Hularshi ta faɗa kwata. Tsohuwa ta sauko tana salati. Yaron ya duƙa ya tsamo hular, ya kakkaɓe ta, kanshi a ƙasa, ya ce, "Na gode." Wallahi na gode ya ce. Ba a yi minti goma ba aka tsaida wani saurayin, shi ma ba kaske. Shi ko sauka bai yi ba, ya danna waya ya miƙa ya ce, "Ga Baba zai yi magana." Jami'i ya saurara, ya ce to, to, ya maida mishi wayarshi, ya wuce. Moton na farko kuma aka tafi da shi. Ina tambaya, marin nan a doka yake ko a al'adarmu?

Habu Direba: Wa alaikumus salam. Sanusi kamar baƙo a garin? Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwonshi gaya.

Nafisa Ɗaliba: Yaya Sanusi, a doka babu shi. Rashin kaske ko rashin takarda ƙaramin laifi ne, hukuncinsa tara, ko a riƙe moton har a kawo takardu. Ko babban laifi mutum ya yi, galibi a tsare shi awa 48 ne, in ana son ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara. Akwai kuma ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kuba a 1990 kan amfani da ƙarfi da bindiga. Abu biyu suka kafa: ba a sa ƙarfi sai ya zama dole, in ma an sa sai gwargwadon barazanar. Yaron da ya tsaya da kansa, tsohuwa a bayansa, wace barazana ya yi?

Habu Direba: Ƙanwata, wannan karatun aji ne. Ki zo ki karanta mishi Habana a bakin titi ki gani.

Lawali Amurka: Jama'a ina gaisuwa, yanzu na taso aiki. Sanusi, labarinka ya tuna mini satina na uku da fara tuƙi a nan. Fitilar baya ɗaya ta mutu ban sani ba, sai na ga motar 'yan sanda a bayana tana walƙiya. Na tsaya. Ku kun san tarbiyyar gida: babba ya kira ka, ba ka zama shi ya zo ya same ka. Na buɗe ƙofa na fito da sauri ina murmushi, hannuna ya nufi aljihu zan ciro permi, wato lasin tuƙi. Ihun da mutumin nan ya yi mini har gobe yana kunnena. Hannunshi na kan bindiga. Na daskare, gwiwoyina suna kaɗawa. Da ƙura ta lafa yana mini tambayoyi ina kallon ƙasa don ladabi, shi kuma sai cewa yake in dube shi, me nake ɓoyewa. A nan ƙa'idar ita ce ka zauna cikin mota, ka sauke gilashi, hannu biyu kan sitiyari, kada ka taɓa komai sai ya ce. Duk abin da mahaifiyata ta koya mini na girmama manya, shi ya kusa kai ni lahira a daren nan. A ƙarshe takarda ya rubuta ya ba ni, bai zage ni ba, bai taɓa ni ba, ban kuma ga fuskar da zan ce a yi haƙuri ba.

Sanusi Mai Shago: To ka gani. Takarda, ba mari.

Lawali Amurka: Dakata Sanusi, kada ka yi wa rogo kallon kitse. A nan Amurka ba mari, amma akwai harsashi. Amadu Jallo, ɗan Gini, ɗan talla ne kamar 'yan uwanmu. A watan Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu suka tare shi a ƙofar gidansu a unguwar Bronx ta New York, ya sa hannu ya ciro walat, suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. A 2014 Eric Garner ya mutu a hannunsu a New York, zargin da ake mishi sayar da sigari kara-kara, abin da kowane mai tebur ke yi a Maradi. George Floyd kuma, 25 ga Mayu 2020 a Minneapolis, kan zargin jabun dala 20 ta Amurka aka danne mishi wuya fiye da minti tara. Kowace shekara mutum wajen dubu ke mutuwa da harbin 'yan sanda a ƙasar nan. Dalili ɗaya shi ne bindiga ta yi yawa a hannun jama'a, jami'i na tunkarar kowace mota kamar mai ita zai harbe shi. Ɗaya dalilin kuma launin fata ne, wannan ba sai na yi muku bayani ba.

Habu Direba: Ashe gara marin.

Nafisa Ɗaliba: Ba cinya ba ƙafar baya kenan, Yaya Habu. Wa ya ce zaɓin biyu ne kawai? A Ingila yawancin 'yan sandan da ke sintiri ba su ɗaukar bindiga. Haka Ayilan. A Aisland sai a Disamba 2013 'yan sanda suka taɓa harbe mutum har lahira, shugabansu ya fito ya yi wa dangin ta'aziyya. Kuma wanda ya danne Floyd an yanke masa shekara 22 da rabi.

Mushe Ilu: Ku bar ni in sa baki, tunda tarihi nake koyarwa. Sanusi ya tambaya ko al'ada ce. Ni na ce gado ne, kuma mun san wanda ya bar mana shi. Zamanin Faransa akwai dokar da suke kira andijena, wadda ta shafi 'yan ƙasa kaɗai, ban da Bature. Kumandan, wato Baturen da ke mulkin yanki, na da ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba alƙali ba shari'a, kan abubuwa irin su jinkirin biyan haraji, ƙin fita aikin tilas, ko abin da shi ya ga raini ne. Gardi, wato ɗan sandan Kumandan, ke zuwa da bulala ya taho da mutum. Sai a 1946 aka soke ta, shekarar da aka soke aikin tilas. Kakannin wasunmu sun sha wannan bulalar. Wanda ya sa kaki a lokacin ba don ya tsare talaka ya sa ba, don ya sa talaka ya bi ne. Aka sami 'yanci a 1960, tuta ta canza, amma yadda mai kaki ke kallon talaka bai gama canzawa ba. Shi ya sa yaron ya ce na gode. Kakanshi ma haka ya ce wa gardi.

Hajiya Rabi: Mushe, komai sai ku ɗora wa Nasara. Dogaran sarki fa, furanni suke rabawa? Ni kakata ta ba mu labarin bulalarsu, tun garin yana ƙasa bakin gulbi, kafin ruwan 1945 ya sa a hauro tudu. Kuma kai kanka a lakwal da me kake horon yara?

Mushe Ilu: Hajiya, kin kama ni. Na aje dorina shekaru da dama, amma ban ce ban taɓa riƙe ta ba.

Hajiya Rabi: To ku saurara ku ji nawa. Bara waccan, ranar kasuwa, wani yaro ya zari sabulu biyu a teburin maƙwabciyata. Ta ce "ɓarawo!" Kafin ka ce kwabo maza sun taru, mai ice, mai dutse, wani har da ƙarfen auna kaya. Yaron ya faɗi gaban rumfata, jini a baki. Sai ga wani ɗan sanda shi kaɗai, ko kulki babu. Ya kutsa, ya ɗago yaron ta wuyan riga, ya sharara mishi mari a gaban kowa, ya daka tsawa ya ce, "Yau za ka gane kurenka, mu je!" Jama'a suka ce yawwa, suka buɗe hanya. Da ya zagaya da shi bayan rumfuna, da idona na ga ya saya mishi ruwan leda ya ce ya wanke bakinshi. Da bai mare shi ba, wallahi taron nan ba zai sakar mishi yaron ba, cewa za su yi an saye shi. To Nafisa 'yata, wannan marin a wane shafi yake cikin littafinku? Mu ne fa. In jami'i ya kama ɓarawo bai taɓa shi ba, mu ke cewa ba ya aiki. In ya taɓa ɗanmu, mu ce azzalumi.

Nafisa Ɗaliba: Inna, ban da amsar da za ta gamsar da ke. Sai dai wancan ceto ya yi, na Yaya Sanusi kuma ba wanda ke bin yaron da dutse.

Malam Sule: Assalamu alaikum. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana dukan fuska, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ko dabba an hana a buge ta a fuska, balle ɗan Adam. Kuma a shekarar yunwa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata. Don haka duk wanda zai kare mari, kada ya jingina shi ga addini.

Baba Ajidan: Tun ɗazu nake karatu, ɗiyata ce ke rubuta mini don idona ya yi rauni. Na yi shekara 31 cikin kaki kafin in huta. Ba zan kare wanda ya mari yaron nan ba, amma ku ji yadda abin yake daga ciki. Ka tsaya a titi tun bakwai na safe, watan Afrilu, kwalta na tafasa. Ka busa wa goma usur, bakwai su wuce suna dariya, wani ya bi ta kan ƙafarka. Wanda ka samu ka tsaida, kafin ka buɗe littafin tara waya ta iso: ɗan wane ne, yaron wane ne. In ka ƙi, gobe ka ji an maida ka wani ƙauye mai nisa. Wuni guda kana haɗiye wulaƙanci daga waɗanda ba ka iya taɓawa. Sai ga wanda ba shi da kowa ya zo. Duk abin da ka tara tun safe a kanshi yake sauka. Ban ce daidai ne ba, na ce haka yake faruwa.

Ni ma na yi. Shekaruna na farko, wata ranar Juma'a, na busa wa wani saurayi mai keke ya wuce ko waiwaye. Na bi shi da gudu na cim mishi, na kife shi da mari. Ya dube ni yana nuna kunnenshi yana wani sauti. Mutane suka taho suna cewa, "Kurma ne, kurma ne!" Kowa a unguwar ya san shi, ni kaɗai ne baƙo. Mahaifinshi ya zo, dattijo mai saida goro, na ɗauka zagi zan sha. Sai ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, bai ji ka ba ne." Shi ke ba ni haƙuri. Daren nan ban ci tuwo ba. Daga ranar ban ƙara ɗaga hannu kan wanda bai ɗaga mini ba, kuma ƙananan da suka yi aiki ƙarƙashina sun san haka.

Sanusi Mai Shago: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan magana ta yi mini nauyi.

Lawali Amurka: Baba, Allah ya saka. Amma in tambaya, ita wannan ba da haƙurin, ba ita ce matsalar ba? A nan in ana kama mutum ka matso kana roƙo, kai ma za a iya haɗawa da kai, sun ce ka shiga aikin hukuma. In ka miƙa kuɗi kuwa ka jawo wa kanka babbar shari'a.

Baba Ajidan: Lawali ɗana, kada ka raina ta. Rabin rigimar da aka kawo mini ban rubuta ta a takarda ba. Akuya ta ci gonar wani, yara sun fasa gilashi, mata sun yi faɗa a famfo. In kira mai unguwa, a zauna, mai laifi ya biya abin da ya ɓata, a yi addu'a a tashi. Dokar ƙasa ma ta ba sarakuna ikon sulhu a irin waɗannan. Da duk na tura su gaban alƙali, da gidan kaso ya cika da mutanen da laifinsu bai kai kuɗin cefane ba, su fito sun koyi abin da ba su sani ba. Sulhun nan dukiya ce. Inda ya lalace shi ne, a da dattijon unguwa ke roƙo don ya san yaron da halinshi. Yanzu mai lambar waya ke roƙo, ko bai taɓa ganin abin da ya faru ba.

Habu Direba: Ni da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya har Katsina, na ga iri biyu. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma salon ya bambanta. Wani wurin takarda ake fara tambaya, in ta cika a nemo wadda babu. Wani wurin ba ruwansu da takarda, gaisuwa ce kawai, "Direba, ya hanya?" kai kuma ka san amsar. Mu direbobi mun iya zama da kowa. Amma ku tuna abin da ya faru a Najeriya a Oktoba 2020, da matasa suka fito kan rundunar 'yan sanda ta SARS har gwamnati ta rusa ta. Su ma daga tsaida mutum a duba wayarshi abin ya faro.

Mushe Ilu: Ko Tunisiya. Muhammad Bu'azizi mai tallan kayan marmari ne a Sidi Buzid. Ma'aikatan gari suka ƙwace mishi kaya da sikeli, ya je kai kuka ba wanda ya saurare shi, ya cinna wa kanshi wuta ranar 17 ga Disamba 2010. Ranar 14 ga Janairu 2011 Ben Ali ya bar ƙasar, bayan shekara 23 yana mulki. A Faransa ma, Yunin 2023, harbin yaro ɗan shekara 17 a Nanter wurin tsaida mota ya sa an kwana da kwanaki ana ƙone-ƙone.

Issufu Admin: Mushe, a tsaya kan maganar kabu-kabu don Allah. Kada a kai mu inda ba mu nufa ba.

Hajiya Rabi: Ni dai ban ji wanda ya ce komai kan kasken ba. Duk kun taru kan jami'i. Yaran nan gudu suke kamar aljanu, ga tsohuwa a baya, ga buhu. Ɗan ƙanwata a kan moto ya rasu, kanshi ya bugi bakin kwalta, da da kaske da wataƙila yana nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Nafisa Ɗaliba: Allah ya jiƙansa, Inna. Amma marin ya sa masa kaske? Gobe zai fito ba kaske, sai dai ya canza hanya. Da tara aka yanka masa da rasit, shi da mai wayar duka, da su biyun sun nemi kaske.

Hajiya Rabi: Wannan kuma gaskiyarki.

Lawali Amurka: Sanusi, ya aka ƙare da moton?

Sanusi Mai Shago: Dama ina jin nauyin faɗa. Yau da hantsi yaron ya zo shagona, ashe ya gan ni jiya. Kuncin ya ɗan tasa. Ya ce mai moton ya ce in bai dawo da shi yau ba ya nemi wani aikin, ga kuɗin jiya ma bai kai ba. Daga wani ƙauye yake ta wajen Madarunfa, ba shi da kowa a gari sai wani abokinshi da suke kwana shago ɗaya. Na rasa yadda zan yi. Sai na tuna mijin ƙanwar matata yana da wani sani. Na kira shi, shi ma ya kira. Kafin azahar an saki moto, mai shi ya kai takardu, aka biya tara aka ba da rasit.

Habu Direba: Hahaha! Ashe kai ma "ga Baba zai yi magana" ka yi!

Sanusi Mai Shago: Na yi, Habu. Ina kiran ina jin kunyar kaina. To da in bar shi ya rasa abincinshi?

Nafisa Ɗaliba: Yaya, ka tambaye shi ko zai kai ƙara kan marin? Kai shaida ne, tsohuwar ma shaida ce. Ba sabon abu ba ne, a 2017 an ɗaure 'yan sanda uku shekara guda a Yamai bayan bidiyon dukan wani ɗalibi ya bazu.

Sanusi Mai Shago: Na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ni da zan bi ta mahadar nan sau ashirin gobe?" Na ce to ko don na baya. Ya ce na baya su ma Allah ya ba su mai kira.

Baba Ajidan: Sanusi, turo mini ta gefe wace mahada ce da kuma lokacin. Ba ƙara zan kai ba. In yaron da ke tsayuwa wurin ɗan wani ne da na sani, zan kira shi gida mu sha shayi, in ba shi labarin mai keke.

Hajiya Rabi: Kai kuma ka ce wa ɗan kabu-kabun ya biyo ta rumfata gobe kafin azahar. Akwai kasken Mamman da ya bari da zai tafi Agadas, yana nan rataye yana shan ƙura. Igiyar ta tsinke gefe guda, sai ya kai wa baduku.

Sanusi Mai Shago: To Hajiya, zan gaya mishi. Layin masu sabulu ko?

Hajiya Rabi: Eh, ta uku daga bakin ƙofa. Ya ce Hajiya Rabi, kowa zai nuna mishi.